Sauya halittar amfanin gona da dabbobin kiwo: a ina haɗarin yake?

Malam Bashir:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna yadda ɗan Adam ya sa hannu a halittar abin da yake nomawa da abin da yake kiwo. Da zarar an ambaci sauya ƙwayoyin gado, hankalin mutane yakan tafi ga ɗakin gwaji da shekarun baya-bayan nan, alhali kuwa da wuya a sami hatsi ko dabbar gida da ta iso mana yadda take a daji. Masara ce hujjata ta farko. Asalinta wata ciyawa ce mai suna teosinte da ke fitowa a kwarin kogin Balsas a kudancin Meksiko, ɗan goyonta bai kai tsawon yatsa ba, tsabarsa ba ta wuce 5 zuwa 12 ba, kuma kowace tana kulle cikin ƙoƙo mai tauri. Idan ya nuna sai ya warwatse da kansa, tsabar ta zube ƙasa. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce mutanen yankin suka fara ware wadda ba ta zubewa da wadda ƙoƙonta ya buɗe, suna mayar da ita gona, har aka kai ga goyon da muka sani, mai ɗaruruwan tsaba a jere jikin totuwa, lulluɓe da ɓawo. Masarar yau ba ta iya yaɗa irinta in babu hannun mutum, domin goyon da ya faɗi ƙasa, ko da ya tsiro, tsirran za su fito wuri guda ne su shaƙe juna.

Alkama ma haka labarinta yake. Ta daji tana kakkaɓe tsabarta da zarar ta bushe, saboda haka mai girbi yakan koma gida ne da zangarniyoyin da suka riƙe tasu, kuma daga cikinsu yake ɗibar irin baɗi. Da haka manoman Gabas ta Tsakiya na shekara 10,000 da suka wuce suka yawaita siffar da a daji nakasa ce. Alkamar da aka fi nomawa a duniya yau kuwa ba a taɓa samunta a daji ba, domin haɗuwa ce ta ciyayi uku daban-daban, shi ya sa take da kuromosom (ƙunshin zaren gado) 42, alhali kowane ɗaya daga cikin kakannin nata uku 14 gare shi.

Ra'ayina shi ne, hanyar da aka bi wajen sauyi ba ita ce ma'aunin haɗari ba. Abin dubawa shi ne wace siffa aka zaɓa, me tsiron ko dabbar ta rasa a dalilinta, iri nawa aka watsar domin a riƙe guda, kuma a hannun wa irin yake.

Malama Hauwa:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Tarihin da ka kawo daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kansa ne ban gamsu da shi ba. Manomin da ya zaɓi iri yana zaɓa ne daga cikin abin da tsiron ya riga ya haifa, kuma ko haɗuwar alkama da ka ambata ta faru ne tsakanin ciyayi 'yan dangi da ke iya yi wa juna barbara. Tun daga 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna cewa ana iya yanko gado daga wata halitta a dasa shi cikin wata, wannan shingen ya faɗi. A 1983 aka yi nasarar yin haka a tsiro, zuwa 1996 kuwa har an fara noma waken suya mai jure maganin ciyawa, da masara da auduga masu ɗauke da gadon bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, wanda ke sa ganyen kansa ya kashe tsutsa. Babu wata barbara da za ta taɓa haɗa auduga da bakteriya.

Sannan akwai batun lokaci. Masara ta shafe dubban shekaru tana sauyawa a hankali, a gonaki barkatai, mutane suna ci suna lura, wadda ta cutar ana barinta. Irin da aka sauya a ɗakin gwaji kuwa yakan mamaye miliyoyin kadada cikin shekara goma. Idan akwai aibi a cikinsa, aibin ma da wannan saurin zai yaɗu.

Dakta Nura:

Malama Hauwa, a matsayina na likitan dabbobi ina so in nuna miki cewa tsohuwar hanyar ba ta da sauƙin da ake jingina mata, kuma ta daɗe da daina tafiya a hankali. A 2014 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka wallafa sakamakon kiwon kajin nama iri uku da aka adana daga 1957 da 1978 da 2005, duka a kan abinci ɗaya da kulawa ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 1978 ta kai 1,808, ta 2005 kuwa ta kai 4,202. Ba a dasa wa waɗannan kaji gadon kowace halitta ba, zaɓe ne kawai da barbara, wato hanyar da Robert Bakewell ya tsara a Ingila tun ƙarni na 18 lokacin da yake haɗa tumaki 'yan gida ɗaya domin siffar da yake so ta zauna.

Duk wanda ya shiga ɗakin irin waɗannan kaji a makonnin ƙarshe ya san abin da nake nufi. Za ka ga kaza ta yi taku uku ko huɗu zuwa wurin ruwa ta durƙushe, ƙirjinta a ƙasa, gashin wurin ya zube, baki a buɗe tana haki, domin nama ya riga ƙashi da zuciya girma. Wasu ruwa ke taruwa a cikinsu saboda zuciyar ta gaza. Talotalon da ake kiwo a manyan gonaki ƙirjinsa ya yi faɗin da namiji ba ya iya hawa mace, sai da hannu ake ɗura maniyyi. Shanun Belgian Blue suna da wata tawaya a gadon da ke taka wa tsoka birki, masu kiwo suka riƙe ta saboda yawan nama, sakamakon shi ne mafi yawan 'yan maruƙansu sai an yi wa uwar tiyata ake fito da su. Wannan wahala ce ta gaske da ake ɗora wa dabba, kuma babu wata hukumar tantance sauyin gado da aka nemi izininta, tunda doka ba ta ɗauke shi sauyi ba.

Alhaji Garba:

Allah ya saka muku da alheri, ina biye da ku tun farko. Ni noma na sani, kuma a sanina taɓa halittar dabba da tsiro ba baƙon abu ba ne ga manomi: ana dandaƙe bijimi, ana haɗa jaki da goɗiya a sami alfadari wanda ba ya haihuwa, ana ɗaukar garin furen namijin dabino a kai wa mace, ana aura wa bishiya reshen wata. Damuwata a wani wuri take. Irin da manomi ya gada, idan ya girbe yakan ware zangarniya mafi kyau ya rataye, baɗi ya shuka ya sami kamarta. Ingantaccen irin kamfani kuwa shekarar farko yana cika rumbu, amma idan aka ajiye 'ya'yansa aka shuka sai gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Shin da gangan aka kashe masa zuciya domin a riƙa komawa saye, ko kuwa yanayinsa ke nan?

Malam Bashir:

Ranka ya daɗe Alhaji, tambayarka tana da amsa biyu. Ta fuskar halitta, yanayinsa ne. George Shull ya bayyana a 1908 cewa idan aka tilasta wa masara yi wa kanta barbara shekara bayan shekara sai ta tsumbure, amma ta zama layi tsarkakakke wanda duk 'ya'yansa iri ɗaya ne, kuma idan aka haɗa irin waɗannan layuka biyu, 'ya'yan farko sukan fito da ƙarfin da ya zarce na iyayen nesa ba kusa ba. Jikoki kuwa sai siffofin kakanni su sake rarrabuwa a cikinsu, kamar yadda Gregor Mendel ya gani a wakensa tun 1866. Wannan shi ne dogo da gajeren da kake gani. Ta fuskar kasuwanci kuwa, babu shakka wannan yanayin ne ya sa kamfanoni suka rungumi irin haɗi, domin wanda ya riƙe layukan iyaye ya riƙe mai saye. Akwai wata fasahar sa iri ya haifi tsabar da ba ta tsirowa, an yi mata rajistar mallaka a Amurka a 1998, amma ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba saboda ƙorafin da ya biyo baya. Abin da ya ɗaure manomi shi ne doka: a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa wani manomi mai suna Vernon Bowman hukuncin cewa sake shuka waken suya mai ɗauke da gadon da kamfanin Monsanto ya dasa keta haƙƙin mallaka ne, duk da cewa daga wurin masu tara hatsi ya sayo shi.

Malama Hauwa, game da shingen da kika ce ya faɗi a 1973, akwai abin da ya riga shi. Tun 1928 Lewis Stadler ya nuna cewa hasken eksire yana birkita gadon sha'ir da masara, kuma bayan yaƙin duniya na biyu aka mayar da haska iri da zuba masa sinadarai hanyar samar da sababbin nau'o'i. Ana birkita dubban wurare a makance, a shuka, a zaɓi wanda ya yi kyau. Rajistar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Hukumar Makamashin Nukiliya tana ɗauke da fiye da iri 3,000 da aka samar ta haka, har da shinkafa da alkama da sha'ir, kuma ana cinsu ba tare da tambari ba. Barbara zalla ma ta taɓa haifar da guba: dankalin turawa mai suna Lenape da aka fitar a Amurka a 1967 an janye shi a 1970 saboda yawan sinadarin solanin. Sannan a 2015 aka bincika samfuri 291 na dankali mai zaƙi, aka tarar dukkansu suna ɗauke da gadon bakteriyar Agrobacterium, wadda masana ke amfani da ita wajen dasa gado a tsiro. Ita da kanta ta shigar da shi tun kafin a san akwai ɗakin gwaji.

Malama Hauwa:

Abin da misalanka suka tabbatar mini, Malam Bashir, shi ne ya kamata a faɗaɗa tantancewa ta haɗa da tsofaffin hanyoyi, ba wai a sassauta wa sabuwa ba. An taɓa dasa wa waken suya gadon wani goron daji na Barazil domin a inganta furotin ɗinsa, gwajin da aka wallafa a 1996 ya nuna cewa sinadarin da ke tayar wa wasu mutane da borin jini ya biyo gadon, sai aka dakatar da aikin kafin ya kai kasuwa. Gwaji ne ya tare shi, kuma an yi gwajin ne saboda an ɗauki hanyar a matsayin sabuwa mai buƙatar sa ido.

Na san rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka na 2016 bai sami hujjar cewa cin waɗannan amfanin gona ya fi cin sauran haɗari ba, kuma ba na jayayya da shi. Sai dai rahoton nan ya ce bai ga alamar cewa sun ƙara saurin hauhawar amfanin da ake girba a gonakin Amurka ba, kuma ya tabbatar da matsalar juriya. Da aka dogara da maganin ciyawa guda, wato gilaifoset, shekara da shekaru, sai wani alayyafon daji ya daina jinsa a jihar Jojiya ta Amurka wajen 2005, har ta kai manoman auduga suna ɗaukar leburori su tuge shi da hannu. A Indiya an amince da audugar Bt a 2002, feshi ya ragu da farko, amma kafin shekara goma jar tsutsar auduga ta fara jure gubar a Gujarat, daga baya ta jure nau'i na biyu na audugar ma.

Malam Isuhu:

Ina roƙon kada mu manta da dalilin da ya sa aka shiga wannan aiki, wato yunwa. Alkama da shinkafar da, idan aka ba su taki sosai, sai su yi tsawo, zangarniya ta yi nauyi, kara ya kwanta a ƙasa, hatsi ya ruɓe. Norman Borlaug, yana aiki a Meksiko, ya haɗa alkamar can da wata gajeruwa 'yar asalin Japan mai suna Norin 10, ya sami iri mai gajeren kara wanda ke mayar da taki tsaba maimakon tsawo. A Filifin aka yi makamancin haka aka fitar da shinkafar IR8 a 1966. Alkamar da Indiya ke girba ta tashi daga kusan tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar Nobel ta zaman lafiya. Gaskiya ne an biya farashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya a Punjab, kuma an bar noma nau'o'in shinkafa na gado masu yawan gaske. Amma wanda ya ƙoshi ne yake da sukunin lissafa wannan asarar, kuma ban ga yadda za a ciyar da mutane biliyan 8 da irin da ake shukawa shekara ɗari da suka wuce ba.

Zainab:

Malamaina, ni ɗaliba ce, ina neman ƙarin haske. Ana cewa sabuwar fasahar CRISPR ba ta shigo da gadon wata halitta, gyara kawai take yi a na asali. Idan haka ne, ashe ba ta warware saɓanin Malama Hauwa da Malam Bashir ba?

Dakta Nura:

Zainab, ta rage shi, ba ta kawar da shi ba. Fasahar da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 tana yanka zaren gado ne a wurin da aka nufa, kuma sauyin da ke biyo baya yana iya zama daidai da wanda kan faru da kansa a gona. Japan ta fara sayar da tumatir da aka gyara ta wannan hanya a 2021. Sai dai ga wani abin lura daga ɓangaren dabbobi. Masu kiwon shanun madara sukan ƙone tushen ƙahon maraƙi da ƙarfe mai zafi domin kada ya soki 'yan'uwansa idan ya girma, aiki ne mai zafi ƙwarai ga dabbar. A 2015 aka haifi 'yan maruƙa biyu a Amurka da aka gyara musu gado, da wata fasahar yanka da ta riga CRISPR, domin su taso ba ƙaho, kuma aka ce babu baƙon gado a jikinsu. A 2019 masanan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka sake duba bayanan gadon maruƙan, suka tarar da guntun gadon bakteriya da ya maƙale lokacin aikin. Manufar mai kyau ce, ina goyon bayanta, amma da ba a sami wani na waje ya duba ba, da an wuce da shi haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ba ya buƙatar wannan fasaha ko kaɗan. Tun da aka gano a 1949 cewa gilisarin yana kare maniyyi daga lalacewa idan aka daskarar da shi, bijimi guda yana iya haifar dubban 'ya'ya a nahiyoyi daban-daban. Kusan dukkan bijiman shanun madara na Holstein da ake amfani da su a Amurka yau suna komawa ne ta wajen uba zuwa bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Chief, ya bar 'ya'ya mata kusan 16,000, kuma sai bayan shekaru da yawa aka gano yana ɗauke da wata tawaya da aka ƙiyasta ta jawo ɓarin ciki kusan rabin miliyan a shanun duniya. Madarar 'ya'yansa ce ta rufe idon kowa.

Malam Bashir:

Wannan ƙuntatar iri ita ce na fi jin tsoro, kuma ta sha faruwa a tsirrai. Yunwar Ailan da ta fara a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan guda, kuma cutar ta sami sauƙin yaɗuwa ne saboda talakawa sun dogara da nau'in dankalin turawa kusan guda, kodayake siyasar mulkin Ingila ce ta mayar da asarar gona mutuwar jama'a. A 1970 kimanin kashi 85 cikin 100 na masarar haɗi a Amurka tana ɗauke da gado guda daga wajen uwa, wanda aka zaɓa don kawai ya hutar da kamfanoni cire furen namiji da hannu, sai wata cutar funfuna da ta dace da wannan gadon ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar. Ayabar da ake fitarwa kasuwar duniya ba ta da tsaba, da 'ya'yan gindi ake dasa ta, don haka gona guda tamkar tsiro guda ce. Cutar Panama ta durƙusar da nau'in Gros Michel a shekarun 1950, aka koma Cavendish, yanzu kuma wani sabon nau'in cutar da ke kama Cavendish ya isa Kolombiya tun 2019.

Malam Isuhu, ban ce a koma irin da ba. Gwandar Hawayi misali ce da nake yabawa: cutar bairas ta shiga babban yankin nomanta a 1992, masanan jami'a ƙarƙashin Dennis Gonsalves suka dasa mata guntun gadon bairas ɗin, aka raba wa manoma irin a 1998, sana'ar ta farfaɗo. Siffa ɗaya aka ƙara domin matsala ɗaya, kuma ba a sayar da wani magani tare da ita ba.

Malama Hauwa:

A kan gwandar Hawayi ba mu da saɓani, kuma a kan ƙuntatar iri ma haka, sai dai ina nan a kan cewa duk sabuwar hanya a bar wa hukuma mai zaman kanta ta duba kafin a sake ta. Ina so in ƙara cewa duk wanda zai gyara iri, ta barbara ko ta CRISPR, daga tsofaffin nau'o'i da danginsu na daji yake samo siffar da yake nema, shi ya sa rumbunan ajiyar iri suke da muhimmanci. Rumbun Svalbard da ke arewacin Norwe an buɗe shi a 2008, kuma a 2015 aka fara ɗibar ajiya daga cikinsa, lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken noman busassun yankuna da rumbunta na Halab. An kai irin Labanan da Maroko aka shuka, aka ninka shi, aka mayar da wani kaso. Dakta Nura, tsaba tana jure sanyi shekaru masu yawa, amma yaya ake yi da dabba irin shanun Ndama masu jure sammore, waɗanda ake ta haɗawa da manyan shanu saboda nama da madara?

Dakta Nura:

Ana daskarar da maniyyi da 'yan tayi, kuma ƙasashe da dama suna da irin wannan ajiyar, amma aikin ya fi na tsaba tsada, a kaji kuwa ya fi wuya domin ƙwan kaza ba ya daskaruwa ya sake rayuwa. Maniyyi kaɗai rabin gado ne, idan matan nau'in suka ƙare sai an yi ta mayar da barbara zuriya bayan zuriya kafin a kusanci na asali. Juriyar Ndama kuma ba a gado guda take ba, ta warwatsu ne a wurare da yawa, saboda haka ba abu ne da za a yanko a dasa wa wata saniya ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce garken ya ci gaba da rayuwa a inda ƙudan tsando yake, a hannun makiyayan da suka ga ribar riƙe shi, tare da rajistar zuriya da za ta nuna wace saniya ce tsantsa, wace ce aka gauraya.